Karatun ilimin zamantakewa a jami'a: yana maganin matsalolin jama'a, ko ɓata shekaru ne?

Duk shekara, da zarar sakamakon bak, wato jarrabawar ƙarshen sakandare, ya fito, akwai gardamar da ke dawowa gidaje da dama a Maraɗi. Yaro ya ci jarrabawa, an yi barka, sai a zo maganar abin da zai karanta a jami'a. In ya ce likitanci ko aikin gona ko lissafin kuɗi, ba mai ja da shi. Amma in ya ce sosiyoloji yake so, wato ilimin zamantakewar al'umma, nan take uba zai gyara zama: "To ɗana, in ka ƙare mi za ka zama?" Amsar da yaran suka fi bayarwa ita ce suna so su taimaki jama'a, su yi maganin auren wuri, da bara, da shaye-shaye, da rikicin manoma da makiyaya. Shi kuwa uba abin da idonsa ya gani yake faɗi: ga ɗan maƙwabci can, ya yi karatun a Yamai, shekaru ke nan yana yawo da takardu daga wannan ofis zuwa wancan.

Kowannensu da gaskiya a bakinsa, kuma kowannensu ya ɗauki karatun a wani abin da ba shi ba ne. Shin wanda ya karanci zamantakewa yana iya gyara wani abu a garinsu? Ta wace hanya? Kuma me ya sa da yawa daga cikin masu wannan takarda suke ƙarewa ba aikin yi, alhali matsalolin da suka karanta kullum ƙaruwa suke?

Abin da ake koyarwa, da abin da ba a koyarwa

Ilimin zamantakewa nazari ne a kan yadda mutane ke rayuwa tare: iyali, aure, gado, kasuwa, sarauta, addini, makaranta, ci-rani, da wanda ke da iko a kan wa. Tushensa magana ɗaya ce. In mutum ɗaya ya yi abu, sai a ce halinsa ne. In dubban mutanen da ba su san juna ba suna yin abu iri ɗaya, to akwai wani dalili a tsarin zamansu, kuma ana iya gano shi da bincike. Uba ɗaya ya cire 'yarsa daga lakwal, labarinsa ne. Ƙauyuka ɗari suna cire 'yan mata a aji ɗaya, wannan ya wuce hali.

Hanyoyin binciken ba su da yawa, ƙwarewa a kansu ce ke da wuya. Akwai ƙididdiga, inda ake yi wa mutane da yawa tambayoyi iri ɗaya a fitar da alƙaluma. Akwai doguwar hira da mutum ɗaya ɗaya, wadda ba ta da takardar cikewa. Akwai kuma zama cikin mutane na tsawon lokaci, a ci abin da suke ci, a je biki da makoki, a ga bambancin abin da suke faɗi da abin da suke yi. A jami'o'in Nijar tsarin shi ne shekara 3 a sami lisans, a ƙara 2 a sami masta, sannan dakta ga mai dogon numfashi. Sashen da ya fi daɗewa yana Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, ana kuma yin karatun a jami'ar Damagaram. Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta nan Maraɗi ta fi yin suna a noma, kimiyya da kiwon lafiya.

Inda ake yawan ruɗewa shi ne a haɗa masanin zamantakewa da ma'aikacin jin ƙai, wanda ke bin marayu da naƙasassu da matan da aka zalunta yana sama musu taimako. Wannan sana'a ce dabam, da makarantunta. Haka nan ba wa'azi ba ne, ba kuma ilimin halayyar mutum ɗaya ba. Matsayinsa ya fi kama da na mai awon jini a gidan likita: ba shi ke ba da magani ba, amma in ya yi kuskure ko aka tsallake shi, sai a yi ta ɗirka wa maras lafiya maganin ciwon da ba shi gare shi ba. Yaron da ya shiga da niyyar share hawayen talaka da hannunsa zai yi mamaki a shekarar farko, don abin da zai tarar shi ne littattafai, da ra'ayoyin masana, da lissafi.

Asalinsa, da fargabar da ake yi masa

Wasu iyaye ba rashin aiki ne ke damunsu ba. Sun ji an ce karatun Turawa ne da ke sa yaro ya dawo yana tuhumar addini da al'ada. Gaskiya ne sunan daga Faransa ya fito, a hannun Auguste Comte, wajajen ƙarshen shekarun 1830, kuma ɗalibi ba zai tsallake Durkheim da Weber da Marx ba. Sai dai ƙarni huɗu da rabi kafin Comte, Ibn Khaldun, wanda aka haifa a Tunis a 1332 ya rasu a Alƙahira a 1406, ya riga ya rubuta Muƙaddima, inda ya yi nazarin yadda dauloli ke tashi su faɗi, da dangantakar mutanen daji da na birni, da abin da ke haɗa kan jama'a. Shi kuwa alƙalin Malikiyya ne. Wannan ilimi ba ya yanke hukuncin halal da haram, ba hurumunsa ba ne. Malami zai gaya maka hukuncin rabon gado. Mai binciken zamantakewa zai je ƙauye ya ga ko matan suna karɓar rabonsu na gona, in ba su karɓa ya gano abin da ke hanawa. Ban ga inda waɗannan biyu suka yi karo ba.

Fargabar da na fi ganin tana da tushe wata ce dabam. Tun zamanin mulkin mallaka kwamandoji ke rubuta bayanan ƙasa, wane ne sarki, wane ne abokin gabarsa, wa ke da dabbobi, don sauƙin mulki da karɓar haraji. Daga baya masu bincike na gaske sun zo, kuma ƙasar Maraɗi na cikin wuraren da aka fi rubutu a kansu a Nijar: Guy Nicolas a kan zaman Hausawan gulbi, Claude Raynaut a kan manoma da ƙasar noma, Emmanuel Grégoire a kan Alhazan Maraɗi da kasuwancinsu a 1986, Barbara Cooper a kan aure a 1997. Ayyuka ne masu nauyi. Amma da Faransanci da Ingilishi aka yi su, a can waje aka buga su, kuma jikokin waɗanda aka yi hira da su ba su ma san da su ba. Don haka in dattijo ya ce shi bai ga abin da tambaye-tambayen nan suka tsinana masa ba, ba jahilci ba ne.

Darasin 2005: tamowa a rumbun ƙasa

In ana so a ga amfanin wannan ilimi a fili, a duba shekarar 2005. Daminar 2004 ba ta yi kyau ba, fara kuma ta shigo. Kowa ya zaci bala'in zai fi tsanani a arewa, inda ruwa ke ƙaranci. Sai ga shi cibiyoyin da suka cika maƙil da yara masu tamowa suna nan kudancin jihar Maraɗi, wajen Madarumfa da Gidan Rumji, ƙasar da ake kira rumbun Nijar. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani a Nijar a wannan shekara, mafi yawansu a jihar nan. Kuma duk lokacin akwai hatsi a kasuwa. Kuɗinsa ne ya fi ƙarfin mutane.

Mai awon ruwan sama ba zai iya bayyana wannan ba. Likita ma iyakarsa ya ceci yaron da aka kawo masa. Amsar tana cikin abubuwan da masu nazarin zamantakewa suka riga suka fara rubutawa. Kudancin Maraɗi ya cika da mutane, gonaki sun tsattsage wajen rabon gado har wasu gidaje ba sa noma abin da zai kai su rabin shekara. Talaka yana sayar da hatsinsa da kaka da arha don ya biya bashi, ya dawo ya saya da tsada da bazara, wani lokaci a hannun wanda ya sayar wa. Da damina kuma, maimakon ya nome tasa gonar, sai ya tafi ƙwadago gonar wani don a sami na tuwon dare. Haka gonar mai ƙaramin ƙarfi ke zamewa a hankali zuwa hannun mai kuɗi, ta jingina ko ta sayarwa.

Sai maganar mata, wadda ita ce ta fi ɓoyuwa. A tsarin da aka gada, akwai gandu na gida gaba ɗaya, akwai kuma gamana, 'yar gonar da maigida ke ba matarsa ta noma don kanta. Daga gamana mace ke samun abin da za ta dama wa yaro, ta sayi mai da sabulu, ta riƙe akuya. A 2004, shekara ɗaya kafin abin ya fashe, Marthe Diarra, masaniyar zamantakewa 'yar Nijar, tare da Marie Monimart, sun fitar da bincike da ya nuna cewa a kudancin Maraɗi, wajen su Jiratawa, ƙarancin ƙasa ya sa maza suna janye gamana daga hannun matansu. Har kulle ya bazu zuwa gidajen talakawa, ba don wadata ba, don babu gonar da za a ba macen ta je. Ita ce ke riƙe da cikin yaro, ita ce kuma aka bari hannu wofi. Sun kuma lura da wani abu da bai kamata ya wuce mu ba: mafitar da wasu matan suka kama ita ce neman rabonsu na gado kamar yadda shari'ar Musulunci ta tanada.

Wannan shi ne irin aikin da ake magana. Bai ciyar da yaro ko ɗaya ba. Amma ya nuna cewa raba buhunan hatsi ga masu gida kaɗai ba zai kai bakin yaro ba, kuma tamowa a Maraɗi ba baƙuwar shekara ɗaya ba ce, 'yar gida ce.

Abubuwa biyu da suka yi nasara daga nan

A 1991 ƙungiyar CARE ta fara wani shiri a ƙauyukan jihar Maraɗi, wanda aka sa wa suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo jari daga waje ba. An duba abin da mata suka riga suka iya, wato adashe, aka gina a kansa: zubi kowane mako, rance ga 'yar ƙungiya da ɗan abin da za ta ɗora, rabo a ƙarshen zango. Wanda ya taɓa zama wurin taronsu ya ga yadda ake yi. Akwatin ƙarfe ne a tsakiyar tabarma, da kwaɗo fiye da ɗaya, kowane mabuɗi a hannun mace dabam, akwatin kuma a ɗakin wata. Ba a buɗewa sai a gaban kowa, ana ƙidaya da ƙarfi, wadda ta makara ta biya tara. Duk wannan amsa ce ga tambaya ɗaya: ta yaya matan da ba su iya rubutu ba za su amince wa juna da kuɗi, kuma su tsare su daga hannun da zai iya miƙowa daga cikin gida? Yau wannan tsari ya bazu ƙasashe da yawa a Afirka da wajenta, asalinsa kuwa nan ne.

Na biyu shi ne sassaben zamani. A 1983 Tony Rinaudo, wani ɗan Ostareliya da ke aiki a ƙasar Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, in aka rage rassan aka bar masu ƙarfi za su zama itace. Dabarar ba ta da wuya. Abin da ya yi wuya mutane ne. Manomin da ya bar itace a gona ana yi masa kallon rago mai ƙazamar gona. Sannan itace a wancan lokaci kamar na gwamnati ne, ma'aikatan gandun daji na iya cin ka tara a kan iccen da ke cikin gonarka, to don me za ka raine shi? Lokacin yunwar 1984 an ba mutane abinci don su bar itatuwa, da abincin ya ƙare da yawa suka sare. Abin bai kama ba sai da manoma suka ga amfanin a gonar maƙwabci, suka kuma tabbata iccen da suka raina nasu ne, ƙauyuka suka kafa dokokinsu a kan ɓarayin ice. Binciken da aka yi daga baya ya ƙiyasta kusan hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram.

Mai hankali zai ce ai Rinaudo masanin noma ne, matan ƙauye kuma ba su je jami'a ba. Haka ne, kuma wannan ya kamata ya rage wa masu takardar girman kai. Tambayar "me ya sa mutane ke yin haka, me suke tsoro, wa zai ci riba, wa zai yi asara" ba gadon kowa ba ce. Bambancin kawai shi ne jami'a na koyar da yadda ake yin ta bisa tsari, kafin a kashe kuɗi, ba sai an yi shekara goma ana tuntuɓe ba.

Inda ƙarfinsa ya ƙare

Sani ba iko ba ne, kuma nan ne mafarkin ɗalibi ke fara tsagewa. A watan Oktoba na 1991, ana cikin Taron Ƙasa a Yamai, aka kashe fiye da mutum 100 a Toda, cikin yankin Gidan Rumji, akasarinsu mata da yara na makiyaya. A 1993 dokar tsarin karkara ta fito, daga baya aka kafa kwamitocin kula da filaye, aka shata burtali, ana kuma sanar da ranar sakin gonaki kowace shekara. Abin da ke haddasa rikicin sananne ne, an rubuta shi ba sau ɗaya ba. Duk da haka ana cinye burtali, ana kuma shiga gona kafin lokaci. Wanda ya rubuta rahoto ba shi ke da jandarma ba, ba shi ke zama a fada ba.

Cibiyar LASDEL, wadda aka kafa a Yamai a 2001, da su Jean-Pierre Olivier de Sardan da Mahaman Tidjani Alou cikin waɗanda suka assasa ta, ta daɗe tana nazarin wannan giɓi tsakanin ƙa'idar takarda da ƙa'idar da ma'aikata da jama'a ke bi a zahiri, a gidajen likita, a kotuna, a ma'aikatun magajin gari. Sun yi bincike a kan rabon kuɗin tallafi a ƙauyuka, inda suka tarar cewa ƙungiya na zaɓen "mafi talauci" da ma'auninta, mutanen gari kuma na ganin kowa talaka ne, abin ya faɗo daga sama, don haka zaɓen ma son kai ne. A wasu wuraren, motar masu rabo na juya baya sai a tattara kuɗin a sake rabawa. Macen da aka damƙa wa kuɗin kuma sau da yawa maigida take miƙa wa. An buga wannan, masu shirye-shiryen sun karanta. Wasu sun gyara kaɗan, wasu sun ci gaba yadda suke, don tsarin daga can nesa aka yanko shi, masu ba da kuɗin kuma alƙaluma suke so.

Auren wuri ma haka. Ƙididdigar 2012 ta nuna kashi 76 cikin 100 na matasan mata a Nijar an aurar da su kafin shekara 18, a jihar Maraɗi kashi 89. An yi shekaru ana tarukan wayar da kai, kamar iyayen ba su taɓa jin maganar ba. Wanda ya zauna da su zai ji wani abu dabam: kwaleji na nesa, yarinya sai ta zauna gidan wani a gari inda ba mai sa mata ido, malamai na yajin aiki, waɗanda suka gama ma ba su sami komai ba, ga tsoron abin kunya. Uban da ya auna waɗannan ya zaɓi aure ba wayar da kai yake buƙata ba, zaɓi na uku yake buƙata. Dokar 2017 ta kare karatun 'ya mace har shekara 16, an kuma fara gina makarantun kwana na 'yan mata a zamanin shugaba Bazoum, wanda amsa ce ga matsalar masauki. Amma gina makaranta da ciyar da ita hukuncin masu riƙe da baitulmali ne.

Maganar aiki, ba ɓoye-ɓoye

A nan uba ya fi ɗansa gaskiya. Sassan adabi da zamantakewa na ɗaukar ɗalibai da yawa, don ba sa buƙatar ɗakin gwaji, kuma yawancin masu bak na ɓangaren adabi can ake tura su ko suna so ko ba sa so. Gwamnati ba ta ɗaukar ma'aikata daidai da masu fitowa. Hanyar da aka saba ita ce bautar ƙasa, daga nan koyarwa ta kwantiragi, ko jiran gasar shiga aiki. Waɗanda suka dace su ne suka shiga ƙungiyoyin agaji da furoje-furoje, musamman bayan 2019 da 'yan gudun hijira daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka kwararo yankin Gidan Rumji da Madarumfa. Wannan ƙofa ma ta ƙuntata: bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 wasu masu ba da tallafi sun janye, hukumomi sun rufe wasu ƙungiyoyi, Amurka kuma ta datse kuɗin agajinta a 2025.

Aikin da ya fi samuwa shi ne anket, wato bin gidaje da tambayoyi, kuma ya kamata a kalle shi da kyau. Ana ɗaukar matashi na kwana goma ko ashirin, a ba shi waya ko ƙaramar kwamfuta mai tambayoyi, a sauke shi a ƙauye da safe. An ce ya cika gida goma sha kafin la'asar. Yana zaune a zaure ko gindin bedi, ɗan maigari na tsaye kusa da shi wai yana nuna masa gidaje. "Inna, cikin kwana bakwai da suka wuce, sau nawa kuka ci nama?" Tambayar da Faransanci aka rubuta ta, shi ke juya ta a bakinsa. Inna ta dubi wayar, ta dubi ɗan maigari, ta tuna bara ma wasu sun zo da irin wannan, bayan wata biyu aka kawo tallafi ga wasu aka tsallake ta. Ta san amsar da ta dace, ta bayar. Awakinta kuwa suna gidan ƙanwarta tun jiya. Shi ma ya gane, amma babu gurbin da zai rubuta abin da ya gane, sai ya danna ya wuce. Da dare alƙaluman sun isa wani ofis, wani da bai taɓa taka ƙauyen ba zai fassara su.

Wannan ba aikin banza ba ne, ana cin abinci da shi, kuma ƙididdiga mai kyau ƙasa na buƙatarta. Amma ba shi ne ilimin zamantakewa ba. Ilimin yana cikin abin da matashin ya gane bai rubuta ba. Haɗarin da ke gaban mai lisans shi ne ya shekara goma yana tara wa wasu amsoshi, bai taɓa tsara tambayarsa ba.

Abin da talaka zai gani, da abin da ɗalibi zai duba

Ga mutumin ƙauye ko na unguwa, bambancin bincike mai kyau da maras kyau ba a takarda yake tsayawa ba. Shi ne ko za a haƙa rijiya inda mata za su iya zuwa, ko a filin wanda ke rigima da rabin gari. Shi ne ko sunan bazawara mai marayu zai shiga jerin tallafi. Ƙidayar 2012 ta ba jihar Maraɗi mutum miliyan 3.4, kuma tana cikin jihohin da ke kan gaba wajen haihuwa a lokacin. Ga layin dogo daga Kano ana ginawa, wanda in ya iso zai taɓa farashin filaye, da sana'ar direbobi, da cinikin iyakar Ɗan Isa. Ga matasan fada da tiramol. Ga ƙauyukan da suka karɓi baƙi suna raba rijiya ɗaya da su. Aikin bincike bai ƙare ba, mai biya ne ya yi ƙaranci, kuma ma'aikatun magajin gari da suka fi kowa buƙatarsa su ne ba su da kuɗin.

Ɗan Maraɗi na da abin da Nicolas da Raynaut suka sha wahala kafin su samu: harshen nasa ne, ya san abin da ake nufi in an ce "sai mun yi shawara". Amma kusancin ma na da cutarsa. Abin da ka tashi a ciki ba ka ganinsa, kuma akwai tambayar da ɗan gari ba zai iya yi wa surukin yayansa ba. Mace mai wannan ilimi kuwa tana shiga inda namiji ba ya shiga. Binciken gamana ba zai yiwu daga zaure ba.

Wanda ya ƙudura zai yi karatun, shawarata ita ce kada ya fito da shi shi kaɗai. Ya riƙe lissafin ƙididdiga da muhimmanci, don nan ne yawancin abokansa ke gudu, nan ne kuma ake neman mutane. Ya iya rubutu mai tsabta da Faransanci, ya ƙara Ingilishi, ya kuma koyi rubuta Hausa daidai, musamman yanzu da kundin mulkin 2025 ya ɗaga matsayinta a ƙasa. Ya jingina karatun da wani fanni da ake taɓawa da hannu, kamar kiwon lafiya, ƙasar noma, ilimi ko ruwa. Ya sa a ransa cewa lisans kaɗai da wuya ta kai shi inda ake tsara bincike, sai da masta, wato shekara 5 ke nan in ba a sami tsaiko ba, kuma gida ne zai ɗauki mafi yawan nauyin. In makaranta mai zaman kanta ce, a tabbatar hukuma ta amince da takardarta kafin a biya ko dala. Sannan kafin ya yi rajista ya nemi ɗaliban shekarar ƙarshe na sashen, ya tambaye su mako nawa suka yi a cikin jama'a suna bincike, da kuma ko akwai malamin da ya karanta abin da suka rubuto ya gyara musu.